Hannun da Baffa Ya Yarda da Shi

Mun kai Baffa makwancinsa ranar Talata da hantsi, a maƙabartar da ke bayan gari, ta ɓangaren da ake hangen fadama. Ya haura shekara casa'in. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa sai godiya.

Da muka dawo muka zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, na lura da wani abu da na so a ce ban lura da shi ba. Duk wanda ya zo, gaban taubashina yake fara durƙusawa, ɗan Goggo ƙanwar Baffa, ya daɗe yana yi masa ta'aziyya, sannan ya juyo ya miƙo mini hannu. Ni ne ɗan ƙanin mamacin. A gidan aka haife ni, a hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifina, kuma Allah bai bar wa Baffa ɗa namiji ba. Taubashina kuwa daga wani ƙauyen bakin kogi aka kawo shi yana ɗan shekara tara. Amma shi ake tambaya "Ya haƙuri?" da murya mai rawa. Ni ana ce mini, "Malam, an zo lafiya? Ya mutanen Kano?"

Wani tsohon masunci ya zauna ya ce, "Shi ke nan, la'asar ta mutu a unguwar nan." Telan da ke kan kwana ya ce shi bai taɓa son gahawa ba, ɗacinta har ƙeya yake jin sa, amma shekara talatin bai fasa zuwa zauren Baffa shan ta ba. Daga cikin gida na jiyo wata dattijuwar maƙwabciyarmu tana faɗa wa mata cewa ita ba ta taɓa mallakar agogo ba, ƙamshin suyar Alhaji ne ke gaya mata lokacin ɗora tukunyar tuwo. Kowa ya tuna shi da abu guda, kuma abin nan guda ba hannuna ke yi masa ba. Shekara arba'in na yi ina son Baffa ya sha gahawa daga hannuna ya ce, "Ta yi." Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma ba zan iya ba da labarinsa da gaskiya ba sai na haɗa da wannan.

Da ƙafa ya tafi Makka yana saurayi, ta Barno da Wadai. Shekara bakwai ya yi bai dawo ba, uku daga ciki a Sudan yana tsinkar auduga don samun guzuri. Ya dawo Haɗeja kafin yaƙin Hitila da abubuwa kaɗan: Alƙur'ani, tasbaha, finjalai shida marasa mariƙi, da jabana. Jabana ɗan tulun ƙasa ne mai zagayayyen ciki da dogon wuya, a cikinsa ake dafa gahawa a can. Tasa baƙa ce wuluk, an ɗaure wuyanta da jan zare inda ta taɓa tsagewa. Ya kama fataucin bandar kifi, yana kai kaya tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, kuma ta wannan hanyar ɗanyen ƙwayar gahawa ke zo masa daga wurin Larabawan Kano, a ɗan buhu kamar na gishiri.

Ba ya shan ta da safe. Sai an sallame la'asar ake shimfiɗa tabarma a zaure, a kawo gawayi. A soya ƙwayar a ɗan kasko ana kaɗawa ba tsayawa har ta yi baƙi ta fara maiƙo. Daga nan mai suyar ya zaga da kaskon gaban kowa, kowa ya janyo hayaƙin da tafinsa zuwa fuska. Baffa yakan ce wanda bai sha hayaƙin ba rabin gahawa ya sha. A daka a ɗan turmi tare da busasshiyar citta, a zuba a jabana, a bar ta ta taso sau uku, a toshe bakin da zaren kaba don ya tace, a tsiyayo daga sama. Sau uku ake ƙara ruwa a kan garin nan guda, kuma kowane zubi da sunansa a wurinsa: ta fari, ta biyu, da ta sallama. Ta fari ta manyan baƙi ce da shi kansa, sai kuma mai suya, don a cewarsa wanda idonsa ya sha hayaƙi bai kamata ya sha saura ba. Ta sallama ruwa-ruwa ce, ita ake ba yaran gida. Idan ya kurɓi ta fari ya ji ta zauna daidai, sai ya ce "Ta yi," ba ƙari. Idan ba ta yi ba, sai ya ajiye finjalin ya shiga zancen farashin kifi.

An ba ni labari cewa lokacin yaƙi ƙwayar ta yanke, mutane suka koma soya 'ya'yan rai-ɗore. Baffa ma ya soya, ya kuma sha, amma ya hana a sa shi a jabana, ya hana a kira shi gahawa. Idan baƙo ya zo sai ya ce, "Bismilla, ga ruwan zafi mai launi."

Babban amininsa wani Babarbare ne mai sayar da kanwa, wanda iyayensa suka taso daga bakin tafkin Cadi. Shi so yake a zuba sukari a cikin tukunya a dafa tare, har ta yi kauri kamar zuma, a jefa kanumfari. Baffa kuwa sukari a finjali yake sa wa mai so, shi kansa da dabino ɗaya yake sha. A kan wannan suka yi shekaru suna gardama.

"Mutumin Barno," in ji Baffa, "in alewa kake so ka faɗa, a aika kasuwa."

"Kai dai Alhaji wahalar Sudan ce ba ta sake ka ba. Mutanen da ka koya a wurinsu talauci ne ya hana su sukari, kai ka ɗauka addini ne."

Wata rana Baffa ya fita alwala, Babarbaren ya ɗauki sukari cikin tafinsa ya zuba a jabana. Baffa ya dawo ya kurɓa, ya tashi ya naɗe tabarmarsa ya shige gida. Kwana goma sha ɗaya ba su yi magana ba, suna sahu ɗaya a masallaci. Ran na sha biyu Babarbaren ya zo da 'yar butarsa ta ƙarfe, ya zauna a bakin zaure ya ce a ba shi aron wuta. Tun daga ranar tukunya biyu ake ɗorawa a gawayi ɗaya, kowa da tasa, kowa yana kushe ta ɗan'uwansa. Da Babarbaren ya rasu, Baffa ya yi mako guda yana sa a dafa masa mai sukarin, yana sha yana ɓata fuska.

Sau ɗaya Bature ya taɓa zama a zauren, wani jami'in gona da ya zo duba shinkafar fadama bayan ambaliya. Ya sha ta fari, idonsa ya kawo ruwa, ya yaba. Da zai tafi ya aiko da gwangwanin garin gahawa irin tasu da na madara. Ni na karanta wa Baffa rubutun jiki, na bayyana masa cewa cokali ɗaya ake zubawa a babban kofi, a ƙara ruwan zafi, shi ke nan. Ya ce, "Ba suya, ba daka, ba jira? To yaushe suke gaisawa?" Ya ba Goggo, wadda ta dawo gidan da zama, madarar, garin kuma ya ce a ajiye ko wani zai yi ciwon ciki.

Ni da taubashina tsararraki ne. Shi yana ce wa mamacin Kawu, ni ina ce masa Baffa. A wasan taubasai ni ne ubangida tunda ni ɗan namiji ne, kuma na yi ta ja masa wannan har ya gaji. Baffa yana kiransa Na-fadama, ni kuma Akawu, tun ranar da aka rubuta sunana a makarantar boko. Da aka zo neman yara daga gidajen unguwa, ni ya bayar. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin zaɓe, sai daga baya na fara tambayar kaina ko wanda zai iya rabuwa da shi ne ya bayar. Ina can makarantar kwana a Kano, Na-fadama ya karɓi kasko. Da na dawo hutun farko na tarar da shi yana zagawa da hayaƙi gaban manya, yana shan ta fari a gefen Baffa. Ni aka miƙo mini ta sallama.

Na fi shi karatu, na fi shi tsabtar riga, ina karanta wa Baffa wasiƙun dillalansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai ni kusa da gawayin. Idan na ce a bar ni in gwada, sai Baffa ya ce, "Hannunka na alƙalami ne, Akawu, yana sauri." Na-fadama kuwa ya dube ni ta cikin hayaƙi ya ce, "Ubangida, matsa kaɗan, kada farar rigar ta yi ƙauri." Nakan zauna ina ƙirga sau nawa aka ce masa "Ta yi." Har yau ina iya tuna yadda yake sunkuyar da kai idan an faɗa, kamar ba komai ba ne, kuma wannan sunkuyarwar ta fi kalmar ci mini rai.

Shekara biyu kafin Turawa su sauka daga mulki, ina ɗan shekara goma sha bakwai, na zo hutu lokacin da ruwa ya fara janyewa daga fadama. Na-fadama ya tafi ƙauyensu su, ana sa ran dawowarsa da azahar. Baffa ya fita kasuwar kifi. Na shiga zaure na sauko da jabana daga alkuki, na leƙa cikinta. Baƙin maiƙo ya yi kauri a bangonta. A makaranta an koya mana ƙwayoyin cuta, an nuna mana yadda duba-gari ke leƙa randunan mutane. Na ɗauko jan sabulun kanti da na zo da shi, irin mai warin asibiti, na ɗaura soso a tsinke, na yi ta dirza. Ruwa uku na canza. Na tara baƙin ruwan a ƙwarya don in nuna wa Baffa abin da ɗan gatan nasa ke ba shi yana sha.

Shekaru da yawa ina faɗa wa kaina cewa tsabta ce ta sa ni. Ba gaskiya ba ne, ko kuma rabin gaskiya ne. Na sha ganin Na-fadama yana ɗauraye ta da ruwan zafi zalla ya kife. Ban san dalili ba, amma ban tambaya ba, don ba dalilin nake nema ba. Ƙasa tana shan abin da aka zuba mata. Maiƙon nan na shekara ashirin da wani abu shi ne ɗanɗanon, kuma ƙasar da ta sha gahawa haka za ta sha sabulu. Da na gama na shinshina bakinta, na ji warin sabulu ya kama ta. Na zubar da ruwan ƙwaryar a bayan gida, na mayar da jabanar alkuki, ban gaya wa kowa ba.

Na-fadama ya dawo da kifi a kai, ya yi wanka, ya soya, ya daka, ya dafa kamar kullum. Baƙi huɗu ne ranar. Babarbaren, wanda yakan karɓi finjali ɗaya na Baffa don ya samu abin kushewa, shi ya fara kurɓa. Ya juya ya tofar a ƙasa.

"Alhaji, yau wanki aka yi mana?"

Baffa ya kurɓa. Bai ajiye finjalin ba, bai kuma shiga zancen kifi ba. Ya ce, "Na-fadama, kawo hannunka." Ya kama tafin ya shinshina. Ƙarnin kifi da hayaƙi. Sannan ya dubi inda nake zaune a bakin ƙofa. Na tura hannuwana ƙarƙashin riga, kuma na san ya gani.

Abin da ya yi bayan nan shi ne alheri mafi girma da wani ya taɓa yi mini, kuma shi ne abin da na fi kasa yafewa. Ya ce wa baƙin, "Ku yi haƙuri, sakacina ne, na ajiye ta inda bai kamata ba." Ya shanye finjalinsa. Ya sa aka ƙara ruwa, ya sha ta biyu, ya sha ta sallama, shi kaɗai, yana hira kamar ba abin da ya faru. Bai dake ni ba, bai kira ni gefe ba, bai gaya wa Goggo ba. Da ya zage ni, da na yi kuka an wuce wurin. Na-fadama ya yi mako biyu yana tafasa ruwa da dusar gahawa a cikin jabanar ko warin zai fita. Bai fita ba. Baffa ya naɗe ta a tsumma ya sa a ƙasan adaka. Wata mai ginin tukwane ta gina masa wata a kan kwatance, wuyanta ya ɗan karkace, kuma sai da aka shekara uku ana dafawa kafin ya sake cewa "Ta yi." Ranar da zan koma makaranta ya raka ni har tasha, ya sa mini dabino a aljihu, ya ce in riƙe salla. Taubashina kuwa ya sauya mini suna. Daga ranar na zama Duba-gari.

Na yi jami'a, na yi aiki, na yi iyali a Kano. A wurin wani abokin aikina mutumin Sudan na koyi suyar daga tushe. Na sayi jabana tawa, na yi shekaru ina dafawa a bayan gidana ranar Asabar, har matata ta daina tambaya. Duk zuwan da zan yi Haɗeja sai na kawo wa Baffa ƙwaya mai kyau. Yakan murza ta a tafinsa, ya sa albarka, ya miƙa wa Na-fadama. Sau biyu na ce, "Baffa, yau a bar ni in dafa." Sau biyun ya ce, "Zauna, Akawu, kai baƙo ne." An ɗaga ni zuwa ta fari, gaskiya ne, amma a layin baƙi. Na zauna da digirina ina kallon mutumin da bai iya rubuta sunansa da boko ba yana kaɗa kasko, ina jin abin da na ji ina ɗan sha bakwai, ba ragi. Na sha tambayar kaina ko ƙauna nake nema ko nasara. Ban samu amsar da ta wanke ni ba. Kuma dole in rubuta a nan cewa Na-fadama ya cancanta. Shi ya zauna. Shi ya ɗauke shi zuwa masallaci da ƙafafunsa suka gaza, shi ya san yawan cittar da ƙirjinsa ke ɗauka da sanyi da kuma da zafi. Sanin haka bai rage mini komai ba.

Kwana tara kafin rasuwarsa aka aiko mini cewa jiki ya yi nauyi. Na tarar da shi a zaure an jingina shi da matashi, idanunsa sun daina gani gaba ɗaya, amma hankalinsa garau. Bayan la'asar ya ce a ɗora. Na-fadama ya ja ni waje ya nuna mini hannunsa na dama, ƙayar kifi ta soke shi, ya kumbura har wuyan hannu.

"Duba-gari," ya ce da ƙaramar murya, "an ce kana taɓawa a Kano. Zo ka riƙe. Amma ka wanke hannu da ruwa kawai, don Allah."

Na soya. Na kai kaskon gaban Baffa, ya janyo hayaƙin da tafinsa da ya zama ƙashi da fata. Na daka, na auna citta, na bar ta ta taso sau uku. Hannuna bai yi sauri ba. Na tsiyaya, Na-fadama ya karɓa da hagu ya sa masa a hannu. Baffa ya kurɓa, ya riƙe ta a baki, ya haɗiye.

"Ta yi," ya ce. "Na-fadama, yau kam ta yi. Allah ya yi maka albarka."

Taubashina ya dube ni, ya ɗan girgiza kai, alamar in bar shi haka. Da mai hankali ne, da ya bari. Tsoho ne a bakin tafiya, ya ji daɗi, ya sa albarka, kuma Allah ya san hannun da ya dafa. Na san duk wannan a lokacin. Amma na ji bakina yana cewa, "Ni ne, Baffa. Ni na dafa."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Akawu?"

"Na'am, Baffa."

Ya sake kai finjalin baki, ya kurɓa a hankali, ya daɗe yana juya ta a harshe.

"Citta ta ɗan yi yawa," ya ce.

Na-fadama ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko dariya ce. Baffa ya shanye, ya miƙo finjalin a ƙara masa ta biyu, ya tambaye ni lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Washegari aiki ya mayar da ni Kano. Ban sake ganinsa da rai ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi abin da ya fi duk abin da ya sha a duniya. Ya saka masa da rufin asirin da ya yi wa maraya a gaban baƙi. Ya ba Goggo haƙuri, ya ba taubashina ladan zaman da ya yi, ya kuma cire mini abin da ke raina game da shi, don ni na gwada na kasa. Tun ranar nake sake auna abin da na zuba a turmin nan, ina neman inda na yi kuskure, don in bar wa mamaci gaskiyarsa. Allah ya gafarta mini, cittar ba ta yi yawa ba.